Yadda Ake Zaɓa da Saita Fedal ɗin Dijital na Jita

Fedal ɗin dijital mai kwaikwayon sauti na'ura ce da ke karɓar amon jita ta mayar da shi lambobi, sannan ƙaramar kwamfutar da ke cikinta ta lissafa yadda wata amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ko wani tsohon fedal zai sarrafa wannan amo, kafin ta fitar da shi a matsayin sauti. Kamfanin Line 6 ne ya sa wannan fasaha ta shiga hannun talakawan makaɗa da na'urarsa ta POD a 1998, daga baya kuma na'urar Kemper ta fito a 2011, na'urar Helix a 2015. A ganina yawancin masu kuka da irin waɗannan na'urori ba su saita su daidai da abin da suka jona su a kai ba ne, don haka a nan ya kamata a fi mai da hankali.

Kafin ka saya, ka tambayi kanka sauti nawa kake bukata a zahiri. Wanda ke bin mawaƙa daban-daban, yau salon nan gobe wancan, shi ne ya fi cin moriyarta, domin akwati ɗaya da zai shiga jaka yana ɗauke da amfilifaya iri-iri da amsa-kuwwa da jinkirin sauti, kuma taka maɓalli ɗaya ya isa ya sauya su gaba ɗaya a tsakiyar waƙa. Haka kuma zai iya jona ta kai tsaye a miksa (na'urar haɗa sautukan kayan kiɗa) ko a kwamfuta ta USB, ya yi atisaye cikin dare da hedfon ba tare da ya tashi kowa ba. Amma wanda sautinsa ɗaya ne tak, kuma yana da amfilifayar da yake so, fedal ɗin analog (waɗanda ba sa mayar da sauti lambobi) biyu ko uku irin su Tube Screamer na Ibanez za su wadatar da shi.

Da zarar na'urar ta zo hannu, abu na farko shi ne sanin inda sautin zai fita. Idan za ka jona ta a miksa ko lasifikar da ba ta canza launin sauti, ka kunna sashen da ke kwaikwayon akwatin lasifikar jita, in ba haka ba za ka ji wani kaifi mai yakushin kunne, musamman idan ka ƙara ƙarfin murɗa sauti. Idan kuwa amfilifayar jita ta gaske ce a gabanka, ka kashe wannan sashe, domin tace sautin sau biyu yana sa ya fito a dushe kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Wannan kuskure kaɗai ya sa mutane da dama sun sayar da na'urori masu kyau suna cewa ba su da rai.

Bayan haka sai matakin shigar sauti. Ka kaɗa tsirkiya da ƙarfin da za ka kaɗa ta a dandamali, idonka a kan ma'aunin da ke allon na'urar. Idan ya kai ƙarshe, ka rage. Amfilifaya mai bawul, wato irin ta da mai bututun gilashi a ciki, tana ƙara daɗi idan aka matsa mata, ita kuwa dijital idan sauti ya wuce iyakarta sai ya tsage da wata ƙara marar daɗi. Kada kuma ka dogara da tsare-tsaren da kamfani ya adana a ciki, domin galibi an cika su da ado don su burge mai gwaji. Ka fara da fanko: amfilifaya ɗaya, akwatin lasifika ɗaya, ka daidaita su, sannan ka ƙara sauran kaɗan-kaɗan. Ka yi saitin a ƙarfin da za ka yi wasa da shi, saboda kunnen ɗan Adam yana jin sautin ƙasa da na sama da yawa idan an ƙure murya, kuma abin da ya yi daɗi a ɗaki zai iya yin tsauri a zauren wasa.

Akwai illolin da saiti ba ya magance su. Lissafin yana jawo ɗan tsaiko na 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), wanda mafi yawan mutane ba sa ji, tunda sauti ma yana ɗaukar kusan milisakan 3 kafin ya yi tafiyar mita ɗaya a iska, amma idan ka jera na'urorin dijital da yawa tsaikon yana taruwa. Na'urar tana kuma cin wuta fiye da fedal ɗin analog nesa ba kusa ba, don haka ka yi amfani da adaftar da ta dace da ita. Gyaranta yana da wuya, darajarta tana faɗuwa idan sabon samfuri ya fito, kuma idan ta mutu a tsakiyar wasa komai ya tafi a lokaci guda. Saboda haka ka adana kwafin tsare-tsarenka a kwamfuta, kada ka sabunta manhajarta ana gobe wasa, sannan ka riƙe ƙaramin fedal ɗaya a jaka wanda zai iya kai ka ƙarshen wasan.