Mota na rawa bayan an tayar da ita: kurakuran da ke cinye riyal a banza

Duk wanda ya taɓa zama a warsha, wato garejin gyaran mota, a Sana'iyyar Jidda ko ta Makka, unguwar makanikai, ya san koken nan: "Malam, da na tayar da ita da asuba sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi." Kafin mai motar ya rufe baki wani ya ce bawaji ne, wato fulogi, a canja. Kuskuren da ya fi cin kuɗi ke nan, sayen kaya tun ba a san lokacin da rawar take zuwa ba. Da safe ne kawai injin na sanyi? Bayan an sha mai ne? Ko sai an sa giya, an taka birki, ga esi a kunne? Kowace amsa wuri dabam take nunawa.

Kuma ba kowane tashin silo ne ciwo ba, silo kuwa shi ne juyin injin lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba. Injin da ya kwana yakan tashi allurarsa ta haura juyi 1,000 a minti, sannan in ya ɗumama ta sauko ta zauna tsakanin 600 da 800. Haka aka yi shi. Abin damuwa shi ne allura ta riƙa hawa da sauka, ko injin ya riƙa cijewa, abin da Larabawa ke kira taftafa.

To an kai ta an sa mata kwamfuta, ta nuna P0302. Sai ka ji an ce kwamfuta ta ce kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Ba ta ce ba. Abin da ta ce kawai, silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata, kuma fulogi na iya jawo haka, kwayil na iya, nozul mai fesa mai ma na iya. Gwajin kyauta ne: a ɗauke kwayil ɗin silinda ta biyu a musanya da na ta uku, a goge lambar, a tayar. In ta koma P0303, kwayil ne, guda ɗaya za ka saya ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, a yi wa fulogi irin wannan musanyar. Aikin minti goma ne a Camry ko Accent, amma na sha ganin an tsallake shi, don sayar da saiti ya fi riba. In kuwa fitilar injin tana ƙyaftawa ne ba a kunne ɗam take ba, kada ka ce bari a kai ƙarshen wata. Ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa, yana ƙona tukunyar tace hayaƙi, ita kuwa ko a tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ba ta araha.

Ƙurar ƙasar nan da zafinta su ma suna da nasu hannun. Bakin totur, wanda masu warsha ke ce wa bawwaba, yakan tara baƙin datti har iskar silo ta kasa wucewa daidai. Wanke shi na magani, sai dai motoci da yawa masu totur na lantarki suna buƙatar a sake saita musu silo bayan wankin, in ba haka ba allura ta tsaya sama, mai mota ya ɗauka an ɓata masa ita. Na'urar auna iska da ke bayan iya kilina kuma kada a fesa mata maganin wanke kabireto, kada a taɓa wayarta da hannu. Tana da nata feshin. Tiyon roba da zafi ya gasa yakan tsage ya riƙa zuƙo iskar da kwamfutar motar ba ta ƙirga ba. Buɗe boneti ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji shi yana huci, lambar da ya fi jawowa kuma P0171 ce, wato iska ta yi wa mai yawa.

Masu komawa jan fetur 95 daga kore 91 don rawa ta daina, ku riƙe kuɗinku. In littafin motar 91 ya ce, 95 ba ya ɗinke tiyo. Abin da ya fi shi ɓarna shi ne ce wa yaron gidan mai ya ƙara bayan famfo ya katse da kansa. Man yakan gangara cikin gwangwanin gawayin da ke tara tururin fetur, sai ka ga mota na wuyar tashi tana rawa daidai bayan an cika tanki.

Sai tsohuwar al'adar nan da muka taho da ita tun daga gida, cire bawul ɗin zafi, wai ƙasar zafi ce ba ya da amfani. Injin da aka cire masa shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, fulogi su yi baƙi. In mota na zafi, lagireto da fanka za a duba.

Wani lokaci ma injin lafiyarsa ƙalau. Allura na nan daram, amma sitiyari da kujera na girgiza in an sa giya, in an mayar N kuma su lafa. Robobin da injin ke zaune a kai ne suka mutu, ko fulogi nawa ka canja ba za ta daina ba.

Wadda na fi tsoro ita ce rawar da ke zuwa da tayarwar farko, ta yi daƙiƙa ashirin ko talatin ta ɓace har gobe. Mutane na raina ta don tana tafiya da kanta. Duba ruwan lagireto da safe kafin ka tayar, injin na sanyi, ka yi wa robar ajiyar ruwan alama. In bayan mako ruwan ya sauka, ba ɗigo a ƙasa, ga farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi a salansa, to mai yiwuwa gasket ɗin kan injin ne ke ɗigar da ruwa cikin silinda da dare. Ka sa a gwada matsin lagireton kafin ka ɗauki fasinja ka kama hanyar Madina ko hawan Hada zuwa Ɗa'if.