Kurakuran da aka fi yi wajen aika keke wani gari

Yawancin kekunan da ke isa Maiduguri ko Sakkwato a karkace, tun a tasha aka ja musu matsalar, kafin direba ya tayar da mota. Mutum zai turo kekensa yadda yake hawa, ya miƙa wa ɗan kamasho, ya biya kuɗi, ya juya. Su kuma masu lodi ba su da lokacin lallashin keke. A saman kaya za su jefa shi su ɗaure da igiya, ko su danna shi cikin but a ɗora buhun masara a kai.

Babban kuskuren shi ne aika keke ba a kwance shi ba. Feda da kan keke su ne ke leƙowa waje, su ne kuma ke fara cin duka. Ka je wurin mai gyaran keke ya cire fedojin, ya sassauta kan ya juya shi ya yi daidai da jikin keken, ya sauke sirdi, ya cire tayar gaba. In da kanka za ka yi, sufana mai lamba 15 ce ke kwance yawancin feda, amma ka kula: fedar hagu zarenta a juye yake, wato ta inda ka saba ɗaure noti ta nan take kwancewa. Mutane da yawa sun cinye zaren nan saboda ƙarfin tuwo.

Bayan an cire tayar gaba, akwai abin da kusan kowa ke mantawa. Ƙarafunan nan biyu da ke riƙe ta sun zama ba abin da ya tokare tsakaninsu, nauyi kaɗan zai matse su. Ka yanko guntun katako daidai faɗin wurin, ka sa a tsakani, ka ɗaure. Abin da bai kai kuɗin shayi ba ne, amma in suka lanƙwashe, da wuya keken ya ƙara tafiya saiti ko an buɗe su.

Sai kwanciya. Keke mai giya ba a kwantar da shi ta ɓangaren sarƙa, domin ƙarfen da ke sauya giya a baya ba ya jure danni. Ɓangaren sarƙa ya kalli sama, kuma ka rubuta hakan da manyan baƙaƙe a jikin kwalin da za ka sa keken a ciki. Kwalin ma ba wuyar samu yake ba, masu sayar da sababbin kekuna suna da shi. In babu, ka naɗe jikin keken da tsumma da yankakken kwali, ka ɗaure da robar tsohon tib. Igiya ko waya a kan fenti kai tsaye, a tafiyar kusan kilomita 600 irin ta Kano zuwa Maiduguri, sai ta ci har ƙarfe.

Notuna, fedoji, fitila da ƙararrawa a haɗa su a leda ɗaya a ɗaure a jikin keken. Kada a zuba su haka nan a kwali.

Abin da ya fi damuna shi ne aika keke da baki kawai. Ka bi ta ofishin ƙungiyar direbobi na tashar, a rubuta maka takarda. Ka ɗauki lambar motar da lambar wayar direba, ka tura wa mai karɓa tun motar ba ta tashi ba. Ka ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare, da lambar da aka buga a jikinsa, wadda galibi tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Ka haɗa da kwafin rasit, saboda a shingen bincike ana iya tambayar direba keken wane ne.

Shi ma mai karɓa kada ya bari kaya su kwana a tasha. Ya buɗe a gaban direba, ya juya tayoyin ya ga ko suna kaɗawa, ya duba wayoyinsu da birki. In akwai ɓarna, a nan ake maganarta, tun direba bai yi lodi ya koma ba.