Yadda nake kai tsohuwar Datsun filin tsere ta dawo gida da ƙafarta

Motar nan Datsun 240Z ce ta 1972. Kawuna ne ya saye ta a Jidda tun ban san dama da hagu ba, da ya tsufa ya miƙo mini makulli ya ce, "Ɗana, kada ka bar ta ta mutu a ƙarƙashin tamfol." Shi ya sa duk hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, nake kai ta filin Dirab da ke kudu da Riyad a ranakun da ake buɗe wa masu motocin kansu. Lokacin bazara kam ba na ko tunanin haka, don zafin Riyad yakan haura digiri 45. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne zafi ke kashe tsohuwar mota a fili, kuma a warsha, wato garejin makanikai, ake maganinsa tun kafin ranar.

Fara da man birki. A fitata ta farko, a wani fili, ina zagaye na shida na taka birki gaban kwana, sai ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka soso. Allah ya kiyaye, akwai sarari a gefe. Man ya shekara uku a ciki, ya sha danshi, ya tafasa. Man DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 155. Yanzu kafin kowane hunturu nake zubar da tsohon gaba ɗaya in sa sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, sannan in fitar da iska a kowace ƙafa. Kada ka haɗa DOT 5 da sauran, shi na silikon ne, jininsu bai haɗu ba. Duba fatar birki ta gaba. In ta ci rabi, canza ta. Ƙafafun baya na 240Z birkin ganga ne, sai an daidaita shi da kyau.

Sai ruwa. Na kai lagireto sana'iyya (unguwar makanikai) an buɗe shi an wanke, na canza murfinsa da tiyo duka da fanbel. Roba ba ta daɗewa a ƙasar nan. Matsa tiyo da hannu, in ka ji ya yi laushi ko ya bushe ƙamas, ya gama aiki. Wasu makanikai za su ce a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Ni ban yarda ba, sabo nake sawa.

Injinta, mai suna L24, silinda shida ne a jere, lita 2.4, kuma kafireto biyunsa suna zaune a gefe ɗaya da bututun hayaƙi, daidai samansa. In ka tsaya bayan gudu, zafin yakan hau ya tafasa fetur a bututu, mota ta ƙi tashi ko ta riƙa shaƙewa. Ka tabbata farantin da ke tare zafi yana wurinsa. Nawa a tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, na samo shi bayan yawon sati biyu, na kuma naɗe bututun mai da abin hana zafi. Fetur kuwa 95 nake sha mata, jan nan, ba koren 91 ba. Baƙin mai 20W-50 mai sinadarin zink, a cika shi har layin sama, domin a doguwar kwana man yana karkata gefe guda, famfo ya zuƙi iska.

Taya: karanta lambobi huɗun ƙarshe a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara biyar ba na shiga fili da ita komai kyan zanenta. Ɗaure notin taya da sifanar awo, ka sake dubawa bayan fitar farko. Batir ya ɗauru tamau, a kwashe duk tarkacen cikin mota, har tabarmar ƙafa.

A ranar, kada ka biye wa samarin da ke cikin sababbin motoci. Ba su hanya su wuce. Zagaye biyu na farko na ɗumama inji da taya ne. Ba na bari allurar inji ta wuce juyi 5,500 a minti ko da jan layinta na sama da haka, kuma duk miƙaƙƙiyar hanya sai na saci kallon gejin zafi da na mai. Minti goma sha biyar sun ishe ta. Zagayen ƙarshe a hankali, kusan ba taka birki, iska ta ratsa ta. In ka shigo, kada ka ja birkin hannu, sa dutse ko katako a bayan taya, ɗaga bonet, bar inji ya yi minti biyu yana aiki kafin ka kashe. Auna iskar taya nan take tana da zafi, ka rubuta. Murfin lagireto kuwa kada hannunka ya kusance shi sai ya huce. Daga nan nake durƙusawa in leƙa ƙasa, ɗigo ɗaya ma ina son sanin daga inda ya fito.

A but ina ajiye fanbel, fulogi shida, man birki, baƙin mai lita biyu, ruwa, abin kashe gobara da hular kwano, da lambar mai saɗaha, motar ɗaukar mota, a waya. Sau ɗaya na kai ta filin Sakhir na Baharen, ta gadar Sarki Fahad. Tafiyar ta haura kilomita 400, don haka a saɗaha na ɗora ta. Dirab kuwa da kanta take zuwa.

Washegari nakan duba mai da ruwa, in zare fulogi ɗaya in ga launinsa, sannan in kira Kawu a Jidda. Tambayarsa ba ta canzawa: "Ta yi zafi?" In na ce a'a, ranka ya daɗe, sai ya ce in kara wayar kusa da salansa ya ji muryarta.