Yadda za ka kai ƙananan yara wurin wasanni ba a dawo da kuka ba

Abu na farko, auna tsayin yaranka tun a gida, don yawancin lilo da jiragen nan masu gudu tsayi ake dubawa ba shekaru ba, akwai ma'auni a bakin layi, in yaro bai kai ba to ko birgima zai yi a ƙasa ba za a bar shi ya hau ba. Leƙa shafin wurin wasannin a intanet ka ga waɗanda zai iya hawa kafin ka yi masa alkawari.

Ku isa da sassafe ana buɗe get, lokacin layi bai yi tsawo ba. Da rana ta take ku nemi inuwa ku huta, yaron da bai yi barcin rana ba wallahi sai ya dagula wa kowa tafiyar.

In akwai jariri ku tambayi ma'aikata, a wuraren wasanni na kamfanin Disney baba zai iya hawa mama ta riƙe jariri, sannan su yi musanya ba sai an sake bin dogon layi ba. Kuma ɗan ƙasa da shekara 3 ba a saya masa tikiti a can.

Rubuta lambar wayarka a takarda ka saka a aljihun kowane yaro, ka ɗauke su hoto da kayan da suka sa ranar saboda cunkoso. Kar a manta keken tura yaro da kayan canji, wasan ruwa sharkaf yake jiƙa su.