Yadda Ake Kare Sabar Imel Daga Masu Canki-cankar Kalmar Sirri

In kai ke kula da sabar imel ta makaranta ko ƙungiyar manoma a Ringim ko Gumel, kada ka ɗauka nisan gari zai ɓoye ka. Na'urorin masu kutse lambobin IP (adireshin na'ura a intanet) suke bi, dare da rana, ba ruwansu da inda kake.

Da farko buɗe /var/log/mail.log, fayil ɗin da sabar ke rubuta abin da ke faruwa da imel. In ka ga layin "SASL LOGIN authentication failed" yana ta maimaituwa da sunaye irin su admin da info, to ana ƙwanƙwasa maka ƙofa ke nan.

Na biyu, rage mashiga. A Postfix, manhajar da ke aikawa da karɓar saƙo, hana shiga da kalmar sirri ta ƙofa (port) 25, ka bar ta ga saƙon da ke zuwa daga waje. Ma'aikata su aika ta 587, su karanta ta 993. A saitin Postfix, saka smtpd_tls_auth_only = yes don kada kalmar ta bi hanya tsirara.

Na uku, girka fail2ban, manhajar da ke toshe lambar IP mai yawan kuskuren kalmar sirri, ka kunna sashen Postfix da Dovecot (manhajar karanta saƙo) a fayil ɗin saitinsa, jail.local. Yadda yake zuwa, duk lambar da ta yi kuskure sau 5 cikin minti 10, zai tare ta minti 10. Amma a nan sai da lura. A karkara kusan kowa da datar waya yake shiga, kamfanonin waya kuma sukan tara jama'a da yawa a kan IP ɗaya. Akawu ya canza kalmar sirri, tsohuwar wayarsa tana ta gwada ta da, sai ka ga an toshe har da shugaban makaranta. Don haka kada ka tsawaita horon farko. Bar recidive, sashen fail2ban mai tsawaita horo ga lambar da aka sha toshewa, ya ji da masu taurin kai.

Waɗanda ke gwadawa a hankali daga lambobi barkatai kuwa, fail2ban ba ya kama su. Maganinsu doguwar kalmar sirri, ba sunan gari da shekara ba, da goge akwatin duk wanda ya bar aiki.

Canza manhaja fa? Canki-canka zai bi ka duk inda ka koma. In dai tsari ne ya gundure ka, OpenSMTPD na OpenBSD ya fi sauƙin saiti. Exim na da ƙarfi, sai dai ɓarakar da aka gano masa a 2019 ta ba masu kutse damar mamaye sabobin da ba a sabunta ba. Mailcow ya haɗa duk manhajojin imel wuri guda, amma yana neman RAM gigabait 6, kuɗin hayar saba kuma da dala ake yawan biya.