Sandar kardan: kurakuran da ke kwantar da tarakta a tsakiyar kaka

Da an gama yankan riɗi a watan Oktoba aka juya kan dawa, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a shigo mana shago a Gadarif, gabashin Sudan, da sandar kardan a kafaɗa ba. Wata ta murɗe, wata salibarta (mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke kowane ƙarshen sandar) ta tarwatse, wata kuma lafiyarta ƙalau, taraktar ce ta kwanta a gona ta dalilinta. Mai kawowa ko daga Gadambaliya yake, ko Samsam, ko ƙauyukan bakin Rahad, labarin ɗaya ne, har bakina ya gaji da maimaita shi. Shi ya sa na zauna na rubuta, musamman don samarinmu da suka fara riƙe sitiyari bana ko bara.

Kardan ita ce ke ɗaukar juyi daga bayan tarakta ta kai wa injin da aka ɗaura: daggagar da ke sussukar dawa da gyaɗa, famfon ban ruwa, injin feshi, rotabeta mai farfasa ƙasa. Diskin da muke shuka da shi a baƙar ƙasar nan jan sa kawai ake yi, ba ruwansa da kardan. Don haka direba yakan yi damina sukutum bai ko kalle ta ba, sai kaka ta yi ya je ya zaro ta daga inda ya jefar.

Tun a kasuwa ake fara kuskure. Kafin ka fita, sunkuya ka ƙirga haƙoran ƙarfen da ya leƙo a bayan taraktarka. In 6 ne, kaurinsa inci 1 da 3/8, to juyi 540 yake yi a minti, kuma shi ne a kan yawancin Massey Ferguson da muke gani a nan. In 21 ne, na juyi 1000 ne. An bambanta su da gangan don kada a haɗa injin 540 da gudun 1000, amma sai wani ya sayo mahaɗi ya cusa, daggaga ta yi gudun da ya kusa ninka nata. Bututun sandar ma, biyun nan da ɗaya ke zurawa cikin ɗaya, iri-iri ne: na Walterscheid na Jamus yawanci siffar lemo ce ko tauraro, na Bondioli & Pavesi na Italiya mai kusurwa uku ne. Rabin wannan ba ya shiga rabin wancan, kuma guduma ba za ta sa ya shiga ba. Tafi da tsohuwar sandar a hannunka, a auna saliba da saliba. Kada ka ɗauki ƙarama don ta fi araha ka ɗaura wa injin da ke cin ƙarfi.

Babban kuskuren shi ne tsawo. Sabuwar kardan da tsawo take zuwa daga kamfani, don wanda ya ƙera ta bai san taraktarka ba, bai san injinka ba. Ya bar maka aikin yankewa. Mutane kuwa gani suke abu sabo fil ba a sa masa zarto. Ni wannan ganin ya ci mini kaka guda. Ina da tarakta da nake bayarwa haya, na ba direban sabuwar sanda da yamma na ce ya jira ni da safe mu auna. Ya ga ta shiga, ya ɗaura rotabeta ya fita tun da asuba. Da ya kai ƙarshen layi ya ɗaga injin, bututun ciki ya kai maƙura a cikin na waje, babu sauran wurin shigewa, haidirolik kuma bai daina ɗagawa ba. Ƙarfin da ke ɗaga injin gaba ɗaya ya koma yana tura ƙarfe cikin bayan tarakta. Da na isa, mai yana ɗiga a ƙasa, murfin baya ya tsage kamar ƙwarya, boris ya farfashe, ƙwallayensa a cikin giya. Yaron yana tsaye yana cewa, “Wallahi Usta, ƙara ɗaya kawai na ji.” Sai da aka buɗe bayan taraktar, aka yi ta neman kaya, masu gonar da suka ba ni kuɗin kafin alƙalami suka karɓi abinsu suka nemi wani. Kuma wannan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne, lokacin da ake aika saƙo Khartoum kaya su iso. Yau wanda ya fasa irin wannan, Allah kaɗai ya san ranar tashin taraktarsa.

Awon kuwa ba ya cin rabin sa'a. Ɗaura injin ba tare da sandar ba, ka ɗaga ka sauke har ka gano inda bakin tarakta da bakin injin suka fi kusa da juna, galibi inda suka yi daidai da juna ne. Kashe tarakta. Raba sandar biyu, ka maƙala kowane rabi a wurinsa, ka jera su gefe da gefe, ka sa alli. Ni ina barin sararin yatsa uku, wasu biyu suke bari. Abin da ka yanke a bututun ciki, daidai shi za ka yanke a na waje, haka ma robar da ke rufe su. Ka goge bakin da magagari, ka fitar da garin ƙarfen, ka shafa giris. Sannan ka duba inda suka fi nisa: ko a nan bututun biyu su riƙe juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. In ka zarce wajen yanka, ranar da suka zare suna juyi, rabin da ke jikin tarakta zai riƙa dukan duk abin da ke kusa. Kuma sandar da aka yanka don wannan tarakta ba ta zama ta maƙwabci don kawai haƙoransu ɗaya. Masu aiki a hawasha, wato gonakin ban ruwa na Jazira, ku tuna da wannan in kuna tsallake magudanar ruwan da ake kira abu ishirin da injin ja: lokacin da tarakta ta fara hawa, injin yana gangara, a nan sanda ke matsewa.

Sai ƙusar kariya, wadda aka yi don ta karye. In dutse ko kututture ya shaƙe injin, ita ke gutsurewa ta ceci giyabos. Ta karye sau biyu, sai direba ya fusata ya sa guntun rodin gini, ko ya kai a yi masa walda. Daga ranar duk abin da ya shaƙe, giya ce za ta biya. Duba lambar da ke kan ƙusar, 8.8 ko wadda kamfanin ya sa, ka sayi irinta da yawa ka ajiye a akwatin sufana. In tana yawan karyewa, injin ne ake ɗura wa fiye da ƙima, ko kana sakin kuloci da ƙarfi injin tarakta na ihu. Sa kardan a hankali, mai a ƙasa, sannan ka ƙara.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai. Me robar rufi ta yi muku? Rabin sandunan da ake kawo mini tsirara suke, in na tambaya a ce ta hana sa giris, ko rana ta busar da ita ta fashe aka yar. Juyi 540 a minti juyi 9 ne a daƙiƙa ɗaya. Abin da kaurinsa ya kai inci 3, a wannan gudun yana naɗe kusan mita 2 na yadi kafin ka ƙifta ido sau biyu. Mu kuwa da me muke zuwa gona? Jallabiya mai faɗin hannu, rawani mai jela, mayafin da aka naɗa a fuska don ƙaiƙayi. A wajen daggaga ma'aikata sun cika, ƙura ta tashi, ƙara ta hana jin magana, ga yaro ya kawo shayi yana tsallake sandar don ya rage hanya. Na ga hannun da kardan ta kama, ba na fatan kowa ya gani. Kai mai tarakta, alhakin a wuyanka yake, ba a wuyan ɗan ƙwadagon da ya zo neman abincin iyalinsa ba. Sayi roba, ka ɗaure 'yar sarƙarta a jikin tarakta da jikin injin don rufin ya tsaya cak ƙarfe na juyi a ciki. Kullum da safe, tarakta a kashe, ka juya robar da hannu. In ta manne da sandar, ba ta kare kowa. Ba a cire toshiya, ba a ɗaure noti, ba a tsallakawa sai an cire kardan daga giya, an kashe inji, makulli na aljihu, kuma komai ya daina motsi. A wajen aikina duk wanda ya zo da jela tana reto, gida yake komawa ya sauya.

Giris: littattafan kamfani da yawa sun ce a sa wa saliba bayan awa 8 na aiki, wato kullum. Ni lokacin sussuka safe da azahar nake sawa, ina goge bakin nonon kafin in ɗora famfo, don ƙurar nan in ta bi giris ta shiga, ita ke cinye alluran. Bututun ma raba shi nake yi duk mako in wanke da gas in sake shafawa. Wasu ustoci, wato manyan makanikai, sun ce na cika ɓarna. Baƙin mai dai ba giris ba ne.

Sauran a taƙaice. In ka raba sanda ka mayar, kunnuwan kai da na gindi su kalli layi ɗaya, in ba haka ba za ta yi ta kakkarwa. Kada ka sha kwana mai tsanani tana juyi, sai in mai haɗin kusurwa mai faɗi ce. Bayan ka maƙala, ja ta baya da ƙarfi ka tabbatar fil ɗin ya kama. Injin da ke da nauyin juyi kamar na yankan ciyawa yana buƙatar kulocin da ke sakin kansa, don a tsofaffin tarakta yakan ci gaba da tura ka gaba bayan ka taka kuloci.

Sanda mai kulocin faifai kuma, wanda ke zamewa in injin ya shaƙe a madadin ƙusar kariya, damina tana manne faifan da tsatsa. Kafin aikin farko, auna tsawon sifirin ɗin ka rubuta, sassauta notocin, ka bar shi ya zame na 'yan daƙiƙu har tsatsar ta saki, sannan ka ɗaure su daidai awon da ka rubuta. In an tashi daga aiki, rataye sandar a inuwa cikin rumfa, kada a bar kanta a ƙasa.