Kurakuran da masu dawaki ke yi a wajen kiwo

Doki ba saniya ba ne, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa dawaki a ƙasar Gombe daga manta wannan take farawa. Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, da harshe take naɗo ciyawa ta tsinke, shi ya sa take barin saura. Doki kuwa sama da ƙasa haƙora ne, datsewa yake yi har gindi. Ba ya tuƙa, ba ya amai, tumbinsa ƙarami ne, abin da ya shiga sai dai ya wuce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kafa turke wuri guda tun saukar ruwa har kaka. Je ka bayan gari a Kumo ko Bajoga cikin watan Agusta, za ka ga inda aka ɗaure doki ya zama da'ira, tsakiya ƙasa fetal, gefe kuma tafasa da ƙarangiya sun yi kaka-gida. Ciyawar da doki ke so, irin su harkiya da ƙiri-ƙiri, da ta tofo zai sake datse ta, har saiwar ta gaji ta mutu. Daga nan sai ya koma kalen tsinke a ƙasa yana haɗawa da yashi, yashin ya taru a hanji ya zama ciwon ciki. Gyaran bai buƙatar kuɗi. Raba filin gida uku ko huɗu, ko da turaku ne kawai. Shigar da dokin idan ciyawa ta kai taƙi guda, ɗauke shi idan ta koma tsawon yatsa, ka bar wurin ya huta mako 3 zuwa 4. Idan ruwa ya ɗauke, ƙara masa hutun.

Sai kashi. Mutane na cewa ai taki ne, a bar shi a wurin. Taki ne, amma ƙwan tsutsar ciki na cikinsa, kuma da damina cikin kwanaki kaɗan yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta hau ciyawa ta jira baki. Sai ka ga mutum yana ta ɗura wa dokinsa magani, haƙarƙari na nan a waje. A kwashe kashin sau 2 a mako, a tara shi gefe ya ruɓe kafin a kai gona. Wanda ke da tumaki ko shanu ya sake su a inda doki ya tashi, domin galibin tsutsar doki ba ta rayuwa a cikinsu, su kuma suna share abin da ya tsallake.

Ruwan farko yana kwantar da dawaki da yawa, laifin kuma na mai sakin ne. Dokin da ya yi wata 6 yana cin busasshen abu, rana ɗaya a sake shi a sabon tofo tun safe har la'asar, dole cikinsa ya ruɗe. Zawo ne, ko kumburi, wani lokacin ma abin ya sauka a kofato, ka taɓa ka ji zafi rau, dokin ya tsaya yana miƙa ƙafafun gaba yana jin tsoron takawa. Ƙoshar da shi da harawa tukuna, ka ba shi rabin awa a ɗanyar, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako 2.

Gyauron dawa kuma kowane makiyayi ya san shi, amma yaran barga ba duka suka sani ba. Ƙaramar dawa, musamman wadda fari ya yanƙwana sannan ruwa ya sauka mata, tana da guba. Haka zaƙami da zurma da rai-ɗore da tumfafiya. Doki mai ƙoshi ba ya kula su, yunwa ce ke kai shi, ko kuma lauje ya haɗo su cikin dami. Bakin gona ma yanzu abin tsoro ne, tunda kusan kowa feshi yake yi. Kafin ka sayi ciyawa tambayi inda aka yanko ta, ka kwance damin ka duba da hannunka.

Ajiyar rani ita ce inda na fi ganin sakaci. Ana barin gamba da kyasuwa har su bushe a tsaye, a yanka a Nuwamba, a ce an tara ingirici. Wannan ya fi dacewa da zana. A yanka wajen ƙarshen damina tun tana kore, kafin ta gama fidda kai, a shanya, a ɗora a kan rumfa inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Dokin da ya kai kilo 300 yana buƙatar kilo 5 zuwa 6 na busasshiyar ciyawa da harawa kullum, ka lissafa daga Disamba zuwa Mayu ka ga dami nawa ke nan. Harawar da ta yi fumfuna, ko masarar da ta yi, a zubar, hasarar ta fi sauƙi. Abincin kaji ko na kiwon shanu na buhu ma kada ya kusanci kominsa, akwai maganin da ake sa wa wasu wanda ke kashe doki.

Idan ciyawa ta ƙare sai a koma dusa zalla, ko a tsaya sai saura mako ɗaya hawan Sallah a cika shi da gero don ya yi kyau a gaban Sarki. Dusa ita kaɗai tana raunana ƙashi, harawar gyaɗa ko ta wake ce ke cike giɓin. Hatsi kuma a raba shi sau 2 ko 3 a yini, bayan ya ci ciyawa. Ruwa lita 25 zuwa 40, da bazara ya fi haka, a ajiye masa gishirin lasa kusa.

Masu kiwo a fadamun Daɗin Kowa da Balanga sun huta da neman ɗanya, amma damshi yana laushe kofato, ga kaska, ga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da almuru da asuba, waɗanda ke ɗauke da cutar huhu mai kisan dawaki. A kai doki idan hantsi ya ɗaga, a dawo da shi tudu kafin rana ta faɗi, a duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne a cire kaska.